Fayin Ɗin da Ba Fayin Ba

Shekara goma sha huɗu Malama ta yi tana koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan matan da ke bayan tashar mota, kuma duk zango na biyu aiki ɗaya take ba 'yan aji huɗu. Takan fito da su daga ɗakin gwaje-gwaje su bi bakin katanga, inda wasu dogayen bishiyoyi tara suke jere, masu ganye sirara kamar gashin jelar doki, da 'ya'ya ƙanana masu tauri kamar an sassaƙa abarba da katako. Ta ce musu wannan fayin ne, wato "pine" a Turance, daga cikin tsirran da ba sa fure, waɗanda irinsu yake a tsirara babu abin da ya lulluɓe shi. Daga nan su zagaya bayan aji, wurin wani guntun rumman da yake rayuwa da yoyon famfon da ya ƙi gyaruwa. Wannan kuma mai fure ne, irinsa a ɓoye cikin ɗa. Aikin shi ne kowace yarinya ta raba takardarta biyu, ta sauko da kowanne daga masarautar tsirrai mataki-mataki har zuwa dangi da jinsi, ta nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Amsar ko daga barci aka tashi Malama za ta faɗe ta: sun haɗu can sama, duk tsirrai ne masu iri, daga nan kowa ya kama gabansa.

A wannan shekarar akwai 'yar wanta a cikin ajin. Ɗigo ake kiranta a gida, don lokacin da aka haife ta ubanta ya leƙa cikin zani ya ce wannan ai ɗigo ce, ba yarinya ba. Ta girma siririya mai yawan tambaya, irin yaran da za ka ba su amsa su tsaya suna kallonka, suna jiran sauran. Daga Litinin zuwa ƙarshen mako a gidan Malama take kwana, saboda gidansu yana can bakin titin fita gari, inda ubanta yake da lambun dashe. Yaya, kamar yadda Malama take kiransa, a aji shida na firamare ya ajiye karatu, shekarar da mahaifinsu ya kwanta ciwo, ya kama aikin ban ruwa a lambun wani. Malama ta wuce har jami'a, kuma ta san a kan wuyan wa ta wuce.

Doka ɗaya ta kafa wa Ɗigo tun ranar farko: a gida Gwaggo, a makaranta Malama. Tana tsoron a ce tana son kai, don haka abin da za ta yafe wa wata ba ta yafe wa Ɗigo. Mijinta yakan tsokane ta ya ce ita ce malama ta farko da ya gani tana rage wa yaro maki don laifin zama ɗan'uwanta.

Takardu arba'in da biyu ta duba a lokacin tara, tana kurɓar shayin da ya huce. Arba'in da ɗaya duk bakinsu ɗaya. Ta Ɗigo ce kawai aka raba gida uku. A gida na uku yarinyar ta rubuta "fayin na gaskiya", ta sauko da shi daidai. Bishiyar bakin katanga kuwa ta ɗauke ta ta kai gefen rumman, ta ce su biyun duk masu fure ne, sai can ƙasa suke rabuwa. Ta sa mata suna Casuarina. A ƙasan shafin ta liƙa wani siririn reshe da salatif, ta ja kibiya ta rubuta: "Malama, ki duba gaɓoɓin." Malama ba ta duba ba. An buga ƙararrawa, ta zana biyu cikin ashirin da jan biro, ta tashi.

Ranar ce kuma mataimakiyar shugaba ta shigo ta zauna a bencin baya da takardar auna malamai a kan cinya. Malama ta raba takardu, tana yabon waɗanda suka yi tsaf, sai ta ga hannun Ɗigo a sama. Yarinyar ta miƙe ta ce bishiyar tana fure, jajaye ƙanana kamar tufkar zare, Baba ne ya nuna mata, yana da irinta fiye da ɗari a leda. Malama ta ji idon mataimakiyar a kanta. Ta ji kuma wani abu da ba ta taɓa yarda tana da shi ba, haushin a ce a gaban mutane mai lambu ne zai gyara mata.

"A ajin nan ba 'Baba ya ce' muke karantawa ba," in ji ta. "Babanki bokitin ban ruwa ya sani. Kimiyya kuwa ba a bokiti ake ɗebo ta ba. Zauna."

Ajin ya kwashe da dariya, har mataimakiyar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ɗigo ta zauna, ta ninke takardar gida huɗu ta tura cikin jaka. Kafin a tashi 'yan ajin sun raɗa mata 'Yar Bokiti. Makin wannan aikin yana cikin waɗanda aka tara don zaɓen mutum uku da za su wakilci makaranta a gasar kimiyya, kuma da aka liƙa sunaye, Ɗigo ce ta huɗu.

Da yamma a gida ta yi wanke-wanke, ta share tsakar gida, ta gaida kawunta, mijin Malama, da ya dawo daga aiki. Ba ta ta da maganar ba. Malama ta ɗauka ta wuce.

Bayan mako biyu tana tsaye a bakin katanga tana jiran mijinta ya zo ɗaukarta, iska ta jefo mata wani ɗan reshe a kafaɗa. Hannunta ne kawai yake wasa da shi, hankalinta yana kan titi. Ta ja, ya tsinke tsaf ba tare da ya yage ba. Ta sake ja, ya sake rabuwa, gaɓa-gaɓa kamar ana zare murfin biro. Ta ɗaga shi kusa da ido. A bakin kowace gaɓa akwai wasu 'yan haƙora ƙanana da suka zagaye ta. Ta ɗaga kai. A jikin reshen da ya sunkuyo daidai goshinta, tsakanin 'ya'yan nan masu tauri, ga wasu 'yan tuntaye jajaye, kowanne bai kai ƙwayar wake ba.

Ta koma ciki da sauri, ta karɓi mabuɗi wurin maigadi ta ce ta yi mantuwa. A saman kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje, bayan kwalbar da maciji yake kwance cikin ruwan magani, akwai akwatin gilashi mai ƙura da aka kawo tun kafin zuwanta, da reshen fayin busasshe a ciki. Ta sauko da shi. Alluransa a ɗaure suke uku-uku daga tushe, kowace santala guda babu gaɓa ko ɗaya. Ta ɗauko babban littafin tsirrai da ba ta buɗe ba tun shekarar da aka ɗauke ta aiki, ta bi sunan da Ɗigo ta rubuta. Hoton kamar a bakin katangarsu aka ɗauka. Abin da take kira ganye ashe rassa ne, ganyen gaskiya su ne 'yan haƙoran nan. Bishiya ce mai fure, kama kawai ta yi da fayin, har littafin ya ce mutane da yawa suna ruɗewa. A tsanin da take koyarwa duk shekara, ita da rumman suna sauka tare mataki bayan mataki, fayin kuwa tun daga sama ya rabu da su duka biyun.

Ta zauna a kan doguwar kujerar ɗalibai har ta ji hon ɗin motar mijinta sau uku. Ta mayar da akwatin inda yake, ta juya gefen da yatsunta suka share ƙura ya fuskanci bango.

Ta yi niyyar faɗa washegari. Washegari ajin yana da gwaji. Jibi ta ce bari 'yan gasa su tafi su dawo, kada ta rikita su. Suka tafi suka dawo da na biyar, aka tafa musu a taron safe, Ɗigo tana cikin masu tafi. Daga nan maganar ta yi nauyi. Duk ranar da ta ƙaru, sai Malama ta ga ba kuskuren kaɗai za ta yi bayani ba, har da kwanakin da ta yi shiru.

A gida sai ta koma kyautatawar da ba a saba ba. Ta ɗauke wa Ɗigo wanke-wanken yamma, ta sayo mata sabuwar jaka alhali tsohuwar ba ta mutu ba, tsokar da ta fi girma a farantinta take sauka. Ɗigo takan ce "Na gode, Gwaggo," cikin ladabin da ake yi wa baƙo. A aji ta koma bencin tsakiya, ta daina ɗaga hannu. Abin da aka rubuta a allo shi take mayarwa a takarda, harafi ba ya canjawa, kuma makinta ya hau. Malama takan ba ta sha takwas cikin ashirin, ta ji kamar ta mari kanta.

Mijinta ne kaɗai ta gaya wa, wata Asabar suna jera kayan wanki a igiya. Ya saurara har ta gama, ya ce shi bai ga abin wahala ba, ta kira yarinyar ta ce na yi kuskure, ai ba haƙori za a cire mata ba. Malama ta ce bai san aji ba ne, idan 'yan mata arba'in suka gane malama tana iya shekara goma sha huɗu tana koyar da ƙarya, ko ranar mako ta faɗa sai sun duba kalanda. Ya ce to, ita ta sani. Sannan ya tambaye ta ko maganar bokitin ta kai kunnen Yaya. Ta ce ba ta zato, Ɗigo ba mai kai ƙara ba ce. Ya matse rigarsa ya shanya.

Yaya kuwa bai canja ba. Duk ranar da ya kawo Ɗigo a babur sai ya sauke wani abu a ƙofar gida, yau dashen gwaiba, gobe 'yan furanni a gwangwani, ya tambayi lafiyar maigida, ya ƙi shiga don takalminsa da laka. Malama takan tsaya tana kallon hannuwansa, yadda ƙasa ta zauna cikin tsagar fata ta ƙi fita.

Da aka yi hutun ƙarshen zango, Ɗigo ta haɗa kayanta duka, har da silifas ɗin wanka da takan bari a bayan ƙofa. Da aka koma, uwarta ta bugo waya ta ce yarinyar ta ce za ta riƙa zuwa daga gida, akwai bas da yake bi ta ƙofarsu yanzu, kada a yi ta ɗora wa Gwaggo nauyi. Malama ta ce wane irin nauyi, ai 'yarta ce. Uwar ta ce haka ne, amma dai yarinyar ta fi son hakan.

Ranar Lahadi da la'asar Malama ta hau bas ɗin ta sauka a lambun. Ta samu Yaya a ƙarƙashin rumfar raga, zaune a kan bulo, yana cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da taki. Ya jawo mata kujerar roba ya goge da hularsa. Suka gaisa, ya ce yau manyan baƙi ne, ko dai gwaibar ce ta mutu aka zo masa ta'aziyya. Daga gefen hagunta layi guda ne na ƙananan bishiyoyin nan masu gashi, tsawon gwiwa, suna kaɗawa. Ta nuna su ta ce ta zo ne a kan waɗannan. Ta ce shi ne da gaskiya, ta duba littafi, suna fure, kuma ta sani tun wata uku da suka wuce. Sannan ta ce akwai wata magana da ta faɗa a aji.

Yaya bai daina aikinsa ba. Ya ce ya ji. Ba Ɗigo ce ta faɗa masa ba, wata mata ce da 'yarta take ajin ta zo sayen furanni, ta ba shi labarin tana dariya, ba ta san shi ne mai bokitin ba. Har ya taya ta dariyar, ya ɗora mata tukwane a mota.

"Ai ba ki yi ƙarya ba, ƙanwata," ya ce. "Bokitin na sani. Shekara talatin ke nan ina ɗaukarsa, ban taɓa jin kunyarsa ba." Ya danna ƙasa da babban yatsa, ya ajiye ledar a layi. "Abin da ya dame ni ɗaya ne. Da, tana sauka daga babur a nan take yada jaka, sai na kore ta ta je ta ci abinci. Wannan meye, wancan me ya sa. Yanzu ta ƙofar baya take shiga gida. Ranar nan na kira ta ta zo ta ga wani abu da ya tsiro, ta ce tana da karatu."

Malama ta fara ba shi haƙuri. Ya ce ta bari, tsakaninsa da ita babu wannan, shi ya goya ta zuwa makarantar farko. Amma inda aka yi maganar ba nan ba ne, kuma ba shi aka tsayar a gaban mutane ba. Ya tashi ya zaɓo leda guda daga layin, ya shiga can ciki ya fito da wata mai ɗan fayin na gaske, wanda ya ce shekara biyu yana lallaɓa shi saboda ba ya son zafi. Ya ce wannan aro ne, ta dawo masa da shi da ransa.

Ran Talata ta shiga aji da ledoji biyu a hannu, ta dire su a kan tebur tare da reshen rumman. Ta raba wa kowane benci ɗan reshe daga bakin katanga ta ce su ja su gani. Ta goge allo ta zana gida uku, ta sauko da kowanne har ƙasa, Pinus, wato fayin, a gefe shi kaɗai, Casuarina da Punica, wato rumman, kafaɗa da kafaɗa. Sannan ta ajiye alli ta ce abin da ta koya musu a zangon da ya wuce ba daidai ba ne, mutum ɗaya ce ta rubuta gaskiya a ajin nan, ita kuma ta ba ta biyu. Ta ce wanda ya koya wa yarinyar ya fi ta sanin bishiyar nesa ba kusa ba, yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma maganar da ta faɗa a kansa ta rashin kunya ce. Duk wadda ta ƙara kiran wata da sunan 'Yar Bokiti za ta haɗu da ita.

Wata daga baya ta tambaya ko za a rage musu makin da suka ci. Aka ɗan yi dariya. Kawuna suka yi ta juyawa wajen bencin tsakiya, inda Ɗigo take zaune a sandare tana kallon murfin littafinta.

Bayan an fita Malama ta tsayar da ita. Ta ce ta gyara makin a rajista, ta kuma gaya wa mataimakiyar shugaba. Sannan ta ba ta haƙuri. Yarinyar ta daɗe tana murza igiyar jaka kafin ta ɗago.

"Yaushe kika gane, Gwaggo?"

Karo na farko ke nan da ta kira ta haka a cikin makaranta. Malama ta ga ƙofar ƙarya a buɗe, in ta ce jiya ko shekaranjiya, ba mai kama ta. Amma ta ce tun kafin a tafi gasa.

Ɗigo ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce ba komai, ya wuce. Ta ce da ma dai a ofis aka yi, don sun fara mantawa da sunan, yanzu an tuna musu. Ta nemi izini ta tafi, kada bas ya wuce ta.

Ba ta dawo gidan Malama da zama ba. Ta ci gaba da zuwa aji, tana cin makinta, ranar hutu takan biyo ta gaishe su ta taya Gwaggo tsefe kai. Da lokacin zaɓen darussan jarrabawar ƙarshe ya yi, ta ajiye ilimin halittu ta ɗauki zanen gine-gine, ta ce shi take so tun da can. Wataƙila gaskiya ne. Malama ta so ta tambaye ta sau da yawa, ba ta taɓa samun bakin tambayar ba.

Akwai kuma sauran, waɗanda suka riga suka fita. Malama ta san uku daga cikin tsofaffin ɗalibanta da suke koyar da darasin a wasu makarantu. Ta nemo lambobinsu ta kira su ɗaya bayan ɗaya, a lokacin tara, tana tsaye a baranda. Biyu suka yi godiya. Ta ukun, wadda ta fi kowa ƙoƙari a zamaninsu, ta ce su ma akwai irin bishiyar a ƙofar makarantarsu, makon jiya ta fita da yara wajenta. Ta tambaya ko dole ne ta gaya musu, tunda ba ya cika fitowa a jarrabawa.

"Ki gaya musu gobe," in ji Malama. "Kada ki bari ya kai jibi."